Makonni shida na farkon yaro a rabin aji: yadda muke karɓarsa a Jos

Mako guda kafin a buɗe makaranta a watan Satumba muke kiran iyayen sababbin yara, kowane gida da lokacinsa, minti 20 zuwa 30. Abu uku nake cewa a zo da su: yaron da kansa, katin rigakafinsa, da mutumin da ya fi kowa wuni da shi a gida. Na ukun nan ne ake yawan bari a baya. Uba zai zo da takardar haihuwa da rasit ɗin banki, ka tambaye shi ƙarfe nawa yaron ke kwanciya, ya ce bari ya buga waya gida. Ba laifinsa ba ne, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In kaka ce ke rainon, ita muke so. In yayar yaron ce ke yi masa wanka tana ba shi abinci, a zo da ita ta zauna kusa da uwar.

Ajin da nake magana a kai na 'yan shekara 3 zuwa 4 ne, yara 25, malama ɗaya da mai taya ta. Makonni 6 na farko ba don karatu muka ware su ba, ko da yake ana ɗan taɓawa. Na sanin jikin yaro ne da halinsa, domin akasarin abin da za a zo ana kira rashin ji ko taurin ƙwaƙwalwa a zango na biyu, in aka bi diddigi, yunwa ce, ko ƙarancin barci, ko kunnen da ya toshe, ko tsoro.

Katin rigakafi nake fara buɗewa. Yin allura ba aikina ba ne, nawa in ga gurbin da ba a cike ba. Layukan farko galibi a cike suke, wato ta ranar haihuwa, da na sati 6, sati 10 da sati 14, don a lokacin hankalin gida duka yana kan jariri. Giɓin yakan faɗo a wata 9, lokacin allurar ƙyanda da shawara da sanƙarau, sai kuma ƙyanda ta biyu a wata 15, wadda iyaye da dama ba su ma san da ita ba. In na ga giɓi ba ma mayar da yaro gida. Muna rubuta 'yar takarda zuwa asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, inda ake yin rigakafin kyauta, ma'aikatan can su faɗi wadda za a iya cike masa a shekarunsa, mu kuma mu ba da sati 2 a dawo mana da katin. In an ce kati ya ɓata aka nuna mini tabon da ke damtsen hagu, nakan ce wannan shaidar allurar tarin fuka ce kaɗai, ba ya tsaya wa sauran. Dalilin matsawar a fili yake: mai ƙyanda yana yaɗa ta kwanaki kafin ƙuraje su fito, ga yara 25 a ɗaki ɗaya an rufe taga saboda sanyi. Annobar mashaƙo da ta addabi Kano da wasu jihohin Arewa a 2023 ma ta fi kama yaran da ba su kammala rigakafi ba.

Daga nan sai in tambayi yaushe rabon a ɗiga masa bitamin A, jan ƙwanson nan da ake yanke wa baki, da yaushe rabonsa da maganin tsutsar ciki. Bitamin ɗin duk wata 6 ne har yaro ya cika shekara 5, ana kuma bayar da su biyun a makon lafiyar mata da yara da ake yi sau biyu a shekara.

Awo uku muke yi: nauyi, tsayi, da kaurin damtse. Ɗan shekara 3 yakan kai wajen kilo 14 da tsayin santimita 95, amma lambar rana ɗaya ba ta faɗin komai sai an sake awo an kwatanta. Tef ɗin damtse ne ya fi saurin tona asiri. Ana cire wa yaro suwaita, a lanƙwasa hannun hagu, a nemo tsakiya tsakanin ƙashin kafaɗa da gwiwar hannu, sannan a saki hannun ya rataya, a zagaya tef ɗin ya kwanta a fata ba matsewa ba sakwaf. Kore, daga santimita 12.5 zuwa sama, lafiya. Rawaya, 11.5 zuwa ƙasa da 12.5, yana bukatar gyaran abinci da ganin ma'aikacin lafiya. Ja, ƙasa da 11.5, asibiti ne a ranar. Kuskure biyu ake yi a nan Jos: a auna a kan rigar sanyi don yaro na rawar ɗari, ko a ja tef ɗin da ƙarfi har fata ta tattare. Na farko yana ɓoye mai tamowa, na biyu yana tayar wa uwa hankali a banza. Ina kuma duba tafin hannu da cikin fatar ido ta ƙasa. In sun yi fari fat, maganar ƙarancin jini ce, sai gwaji.

Gwajin kunne shi ne wanda na fi daɗewa a kai. Ina jera abu biyar a kan tebur: kofi, cokali, takalmi, ƙwallo da 'yar mota. Da farko ina zama a gabansa in kira sunayensu da murya sosai, ya nuna, don in tabbatar ya san su. Sai in koma bayansa, nisan hannu ɗaya, inda ba ya ganin bakina. Mai taya ni ta sa yatsa ta toshe masa kunne ɗaya tana ɗan murzawa. In fitar da numfashina duka tukuna, don raɗar ta fito ƙasa-ƙasa, in ce "ina cokali?" Abu uku a kowane kunne. Yaron da ya juyo yana neman bakina, ko ya kama kofi da aka ce ƙwallo a kunne ɗaya amma bai kuskure ba a ɗayan, ina rubuta sunansa in sake gwadawa bayan sati 2, don mura kaɗai tana iya tara ruwa a bayan dodon kunne ta rage ji na ɗan lokaci. In ya sake faɗuwa, ko kunnen na zubar da mugunya, sai takarda zuwa asibiti. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Kafin nan kada a sa tsinken ashana, kada a ɗiga mai ko wani ruwan magani da ba likita ya rubuta ba. Irin wannan yaro ne ake yi wa tsawa a gida ana cewa ana magana ya yi banza da mutane.

Ido kuwa, rufe ɗaya muke yi da tafin hannu a nuna masa hoto daga nesa, a sake rufe ɗayan. Wanda ya yarda aka rufe na hagu amma ya yi ta fizge-fizge da aka rufe na dama, ƙila da na daman kaɗai yake gani. Harara-garke ba a jira ya gyaru da kansa a wannan shekarun, gyaran ido ya fi karɓa kafin shekara 7. Fari a tsakiyar baƙin ido ba ya kwana ba a je asibiti ba.

Sauran tambayoyin baki da baki ne. Yana da sikila ko asma? Ya taɓa jijjiga? Akwai abincin da ke sa shi ƙuraje ko kumburi? Da wace kalma yake neman bayan gida? Sai tambayar da ke ba iyaye dariya: wane suna yake amsawa? Yaron da aka sa wa sunan kakansa, a gida Abba ake ce masa, yarinyar Ummi, ba su taɓa jin an kira su da sunan yanka ba. In malama ta bi rajista ta yi ta kira, sai ta zaci kurame aka kawo mata. Ina kuma tambaya, a hankali, ko an sami wani sauyi a gida kwanan nan: haihuwa, tashi daga unguwa, rasuwa, ko iyaye sun rabu. Yaron da aka yi wa ƙani wata guda kafin a kawo shi, a ganinsa korarsa aka yi don a ba jariri wuri, kukansa kuma ya fi na kowa tsawo. Ƙarshe sai sunayen waɗanda aka yarda su ɗauke shi, mutum uku iyaka, da lambar waya biyu masu aiki. In mai keke ne zai riƙa kawowa, uba ya zo da shi mu gan shi ido da ido. A wannan zaman ne kuma muke faɗin ƙa'idar ranar da gari ya ɗan rikice, abin da mazaunin Jos ya san ana shirya masa: ana rufe ƙofa, yara na ciki da abinci da ruwa, ba a sakin kowa sai ga wanda sunansa ke takarda, ba a kuma zancen abin da ke faruwa a gaban yaran.

Ba ma karɓar sababbin duka rana ɗaya. Rabi ranar Litinin, rabi ranar Laraba, don hannu huɗu ba sa rarrashin yara 25. Kwana biyun farko daga ƙarfe 8 zuwa 10 ne kawai, sauran satin zuwa 11, sati na biyu a shiga cikakken lokaci zuwa 12:30.

Rabuwa a bakin ƙofa ita ce aikin da ya fi kowane wuya, kuma iyaye muke koya wa, ba yara ba. Uwa ta durƙusa daidai tsayinsa ta ce: "Zan je gida in yi girki. In kun ci abinci kun yi wasa a waje, zan zo in ɗauke ka." Yaro bai san ƙarfe 10 ba, amma ya san bayan cin abinci. Sai ta sa hannunsa cikin nawa, ta juya ta tafi, ko da yana ihu yana riƙe bakin hijabinta. Duka bai wuce minti 2 ba. Abin da ke ɓata shi uku ne. Sulalewa, wato a bari hankalinsa ya tafi kan kayan wasa a gudu: ranar ba zai yi kuka a ƙofa ba, amma gobe ba zai saki zanenta ba ko a cikin gida, don ya koyi cewa uwa na iya ɓacewa ba sallama. Sai ƙaryar "ruwa zan sayo in dawo", wadda ke sa shi tsayuwa a ƙofa awa biyu yana jira. Sai leƙe ta taga, wanda ke mayar da kukan sabo duk lokacin da ya hango ta. Akwai na huɗu da ya fi su muni, a miƙo yaro a ce, "Malama, ga shi nan, ba ya ji, ki zane mini shi." Amsata ɗaya ce, a gabansa don ya ji: "Hajiya, a nan ba ma duka. Bar mini shi, za mu shirya." Gidan da aka shekara ana tsorata yaro da makaranta da allura da dodo, sai an yi sati ana kwance wannan ƙullin.

Yawancinsu kukan na tsayawa kafin minti 15. Ba na cewa "yi shiru". Ina zama a tabarma da shi a gefena in ce, "Kewar Mama kake yi. Za ta zo bayan abinci." Da ya ɗan lafa sai in ba shi aiki, ya riƙe mini kwandon alli ko ya raba wa yara kofuna. Wanda abin ya yi wa tsanani, uwa ta sa masa tsohon ɗankwalinta a jaka, wanda ba a wanke ba, ya riƙa ɗaukowa. Mai ihu ba ya ba ni tsoro. Wanda nake sa wa ido shi ne mai shiru, wanda ya zauna inda aka ajiye shi da jaka a baya, ba ci, ba sha, ba fitsari, kowa na yabonsa wai yaron kirki. Shi ma kukan yake yi, a ciki. Irinsa ba a jan shi tsakiyar yara. Ana zama kusa da shi ana wasa da wani abu ba tare da an tambaye shi komai ba, har ranar da zai miƙo hannu. Iyaye kuma su san cewa kuka na dawowa ranar Litinin ta biyu, wani lokaci a sati na uku, sa'ad da yaro ya gane abin ba na kwana biyu ba ne. Wanda aka bari a gida ranar don tausayi, daga farko za a sake.

Tsarin yini ba ya canzawa: gaisuwa a da'ira, wasa a kusurwoyi, bayan gida da wanke hannu, abinci, wasan waje, tatsuniya, tashi. Hotunansu na manne a bango bi da bi, yaro ya je ya taɓa ya ga saura nawa Mama ta zo. Zama wuri ɗaya ba ya wuce minti 10. Wanke hannu da bokiti mai famfo ne da sabulu, daƙiƙa 20, a yarfe hannu ya bushe. Roba ɗaya da kowa ke tsoma hannu da tawul ɗaya, rarraba ciwon ido da gudawa kawai suke yi.

Abinci na nuna kansa da ƙarfe 9. Yaron da aka ba koko tsararo ya fito, lokacin ne zai fara hamma da faɗa. A kaurara kokon da gyaɗa ko madara, a haɗa da ƙosai biyu ko dafaffen ƙwai. A kula mai riƙe zafi a zuba abin da aka dafa da safen, ba kwanan tukunya ba: dankalin Turawa da ƙwai, shinkafa da wake, alala, gwaten acca da ganye, da ayaba ko lemon zaƙi. Garin da kabeji da karas ke jibge a kasuwar Farin Gada, abin takaici ne a buɗe jakar yaro a ga biskit da lemon kwali. Shayi tare da abinci yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke gina jini, lemon zaƙi kuwa yana taimakawa. Ba ma yarda da gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, aya, alawa mai tauri, ko ɗanyen karas da aka yanka kamar kwabo, don su ne ke shaƙe 'yan wannan shekarun. Karas a dafa shi ko a yanka a tsaye siri-siri, kuma a zaune ake ci. In yaro ya shaƙe yana tari, a bar shi ya yi tarin. In sauti ya ɗauke, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu sau 5, in bai fito ba a tsaya a bayansa a danna saman cibiya ciki da sama sau 5, a yi ta maimaitawa wani na neman mota. Ba a zura yatsa ana lalube.

Bayan gida sau uku muke kai su a jere, ba ma jira su tambaya. Kowace jaka da wando 2 da leda. Wando mai roba, ba mai bel da zif ba, don kafin ƙananan yatsu su kwance bel aikin gama ya gama. Wanda ya jiƙe, a ja shi gefe a canza masa ba tare da aji ya sani ba. Tsarkin 'ya mace daga gaba zuwa baya. Fitsarin kwance da ya dawo a makonnin nan alamar damuwa ce, yakan wuce da kansa, duka kuma ƙara shi yake yi. Amma in da zafi wajen fitsari, ko yawan ƙishirwa da rama, a je asibiti.

In jikin yaro ya yi zafi, ma'auni muke sa wa a hammata, ba bayan hannu a goshi ba. Daga 37.5 zazzaɓi ne: a rage masa kaya, a ba shi ruwa, a kira gida. In yana tari ina ɗaga rigarsa in ƙirga numfashi na minti ɗaya cur yana natse. Daga numfashi 40 zuwa sama, ko ƙasan ƙirji na lotsawa ciki, ana zargin ciwon huhu, ba a jiran tashi. Farasitamol sai da izinin iyaye a rubuce, kuma da nauyi ake auna shi, miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo. Mai kilo 14 ke nan zai sha mililita 7.5 na ruwan da aka rubuta miligiram 120 a mililita 5, da murfin awo ba cokalin shayi ba, kada ya wuce sau 4 a kwana ɗaya. Asfirin ba na yara ba ne. Sanyin Jos bai hana sauro ba, amma ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba, a yi gwajin yatsa kafin a sayi magani. Mai sikila kuwa, zazzaɓi ko ciwon ƙashi asibiti ne kai tsaye. Gudawa: ƙullin gishiri da sukari na asibiti a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa, rabin kofi zuwa kofi ɗaya bayan kowace fita, da ƙwayar zinc miligiram 20 kullum kwana 10 zuwa 14 ko da ta tsaya, a ci gaba da abinci. Jijjiga: a kwantar da shi ta gefe, a duba agogo, kada a cusa cokali ko yatsa ko ruwa a baki, kada a kai ƙafarsa wuta. In ta kai minti 5 a ɗauke shi a haka zuwa asibiti, in ta tsaya ma a kai shi. Mai ƙarambau na zama gida har ƙurajen su bushe duka, mai gudawa kwana 2 bayan ta tsaya. Makero a ka ba ya jin man shafawa kaɗai, sai maganin sha na makonni da likita zai rubuta, a kuma daina haɗa masa injin aski da mataji da sauran yara.

Cizo da duka na fitowa a sati na biyu zuwa na uku, sa'ad da suka saki jiki. Wanda aka ciza ake fara dubawa, a wanke wurin da sabulu. Sannan in durƙusa gaban mai cizon, murya ƙasa, magana gajera: "Ka ji haushi ya ɗauki motarka. Ba a cizo. Ka ce, ba ni." Ya zauna kusa da ni har numfashinsa ya daidaita, ya dawo wasa. Ba na tilasta "yi haƙuri" a take, don baki ne kawai zai faɗa. Ina rubuta lokaci da abin da ya faru kafin cizon. Bayan sati sai ka ga duk kafin abinci ne, ko duk a kan mota ɗaya tilo da ke ajin, maganin kuma a matso da abincinsa ko a ƙaro mota. Sunayen abin da ke zuciya muke koya musu kamar yadda ake koya launi: haushi, tsoro, kewa, kunya, kishi, murna. Yaron da ya iya cewa "na ji haushi" haƙoransa sun huta. Maganar "namiji ba ya kuka" ba ta shiga ajin, ɗan shekara 3 ba namiji ba ne tukuna, yaro ne. Ba na kuma tilasta yaro ya kalle ni cikin ido, a gidajenmu sunkuyar da kai ladabi ne. Wanda ke bukatar likita ya duba shi daban ne: ba ya waiwayowa in an kira shi alhali kunnensa lafiya, ba ya nuna abu da yatsa don a gani tare, ba ya wasan kwaikwayon girki ko tuƙi, ko bai haɗa kalma uku ba.

Abin da muke nema daga gida kaɗan ne. Barci na farko: awa 10 zuwa 13 a kwana ɗaya har da na rana, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga 'yan shekara 3 zuwa 4. Mai tashi ƙarfe 6 ya kwanta bayan sallar isha'i, ya kuma sami na rana kafin Islamiyyar la'asar. Ba a fafe gora ranar tafiya, tun sati 2 kafin buɗe makaranta ake matso da lokacin kwanciya da minti 15 duk bayan kwana biyu. Waya da talabijin kada su wuce awa ɗaya a yini, a kashe su awa guda kafin barci. Sai hira minti 10 da harshen gida. "Me kuka yi a makaranta?" amsarta "ba komai". A tambaya, "Wa ya zauna kusa da kai wajen cin abinci?" A yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a tsaya a tsakiya a ce, "To, me kake jin Gizo zai yi?" Iyayen da ke daina yi wa yaro Hausa don ya iya Turanci, da guntun Turancin da ba ya wuce zo da tafi da daina, rage masa kalmomi suke yi. Wanda ya ƙoshi da harshen uwa shi ke saurin ɗaukar na biyu.

Aikin gida na rubutu ba ma bayarwa, a nan ne muke yawan samun saɓani da iyaye, don makarantar da ke maƙwabtaka tana ba da shafi biyu na 1 zuwa 50. Hannu na da matakansa: ɗan shekara 3 yana kwafar da'ira, ɗan 4 gicciyen layi biyu sannan murabba'i, mai kusurwa uku sai wajen shekara 5. Wanda bai iya da'ira ba, in aka danne hannunsa a kan harufa, riƙon fensir mara kyau zai koya da ƙin littafi. A ba shi tsinar wake, ɓare dafaffen ƙwai, murɗa laka, zane a ƙasa da tsinke, sa maɓallin riga. Ƙirga kuma da taɓawa: "Miƙo mini dankali 3." Mai rera 1 zuwa 20 da yawa ba ya iya wannan. Bahago a bar shi ya yi rubutu da hagunsa, cin abinci da gaisuwa da dama ana koya masa su daban. In'ina na yawan zuwa tsakanin shekara 2 da 5, akasari ta wuce. A saurare shi har ya gama, kada a ƙarasa masa, kada a bari 'yan uwa su kwaikwaye shi. In ta haura wata 6 ko yana matse fuska wajen fitar da kalma, a nemi a duba shi.

A sati na shida, wajen ƙarshen Oktoba, muke sake awo mu sake zama da kowane gida, minti 15, da littafin da na riƙa rubuta layi biyu a kan kowane yaro duk Juma'a. Wanda har lokacin yake kuka yini guda ko ya ƙi ci, muna mayar da shi awa 2 a rana na sati 2, mai taya ni ce kaɗai za ta riƙa karɓarsa a ƙofa, mu sake duba kunne da jini da abin da ke faruwa a gida.

Zaman kan ƙare da shirin hunturu, don garin da ke bisa tudu wajen mita 1,200 sanyin asubarsa a Disamba da Janairu yakan sauko kusa da digiri 10. Riguna marasa nauyi biyu ko uku a jere sun fi jibgegiyar riga ɗaya, don da hantsi ana cire su ɗaya bayan ɗaya. Gwanjon kasuwar Katako ya wadatar, a wanke a shanya a rana, a rubuta suna a wuyan kowace. Hula da safa dole ne ga mai sikila da mai asma, da gorar ruwa da za a ga ta ƙare kafin tashi, don yara ba sa neman ruwa in ana sanyi. Man kaɗe a leɓe da ƙafa kafin a fito. In haɓo ya zo, a sunkuyar da kai gaba, ba baya ba, a matse taushin hanci minti 10 ba saki. Kaskon gawayi kuma kada ya kwana a ɗakin da aka rufe, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci. A ɗumama ɗakin taga a buɗe, a fitar da shi kafin a kwanta. Mu kuma daga tsakiyar Nuwamba muna mayar da taron safe cikin aji, wasan waje ya koma ƙarfe 10:30 bayan rana ta buɗe.